Tafin Tsaka

Tayoyin suka kama kwalta da wani ɗan sauti mai kama da tsotsar baki, ƙwayoyin fitilar da ke jikin ƙafafun motar suka koma kore. Dakta Bara'atu Haladu ta ɗaga hannu, ma'aikatan gareji suka ɗaura igiyar ƙarfe a bayan motar suka haɗa ta da janwe, babbar motar jan motoci. Janwen ya ja, igiyar ta miƙe tana ƙara, manyan tayoyinsa suka fara murzawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, amma jar motar ko gezau. Bara'atu ta taɓa allon da ke hannunta ta ɗauke wa tayoyin wuta. Nan take motar ta bi janwen da baya kamar keken yara.

Ƙanenta Ukasha, wanda shi ne direban motar, ya cire hularsa ya jefa sama.

"Yaya, wallahi kin gama da su! Wannan ai ko a bango aka ɗora ta za ta hau."

"Rufa mini asiri, Auta," in ji ta. "A tsaye ta riƙe. Ba mu ga yadda za ta yi a guje ba."

A Kanon wancan zamani ba wanda yake tuƙi. Motocin haya da na gida duk kwamfutar birni ce ke jan su, mutum ya shiga ya faɗi inda za shi, ya ci gaba da barcinsa. Wuri ɗaya doka ta bar ɗan Adam ya riƙe sitiyari, wato Zoben Sama, hanyar tsere da aka ɗora a kan ginshiƙai ta kewaye tsohon birni. Duk Asabar jama'a kan cika benayen kallo don su ga abin da kakanninsu suka saba yi kullum ba tare da an tafa musu ba. A nan Ukasha ya yi suna, kuma a nan sunan ya fara dusashewa, domin shekara biyu ke nan bai zo ko na uku ba.

Motar da yake ja, Kububuwa, tsohuwar motar ƙawa ce mai ƙofa biyu. Mai ita, Alhaji Nafi'u Getso na kamfanin Guguwa, ya sa an cire injinta na fetur an ɗora wa kowace ƙafa injin lantarki nata, har ƙarfinta ya kai na dawakai dubu uku. Sai dai ƙarfin ya zame mata ciwo. Da Ukasha ya taka totur, tayoyin sai su yi ta juyawa suna ƙona kansu, bayan motar ya riƙa wutsil-wutsil, masu ƙananan injuna su wuce shi suna ɗaga masa hannu. Bakanikai sun yi iya yinsu. Sun faɗaɗa tayoyin, sun rage musu iska, sun lulluɓe su da bargon lantarki don robar ta yi laushi kafin a tashi, sun kafa fiffike a baya don iska ta danne motar ƙasa. Kowace dabara ta ƙara ɗan abu, amma santsin bai tafi ba.

Bara'atu masaniyar roba ce, kuma ba don tsere ta fara aikinta ba. Motocin ɗaukar marasa lafiya take so ta yi wa tayar da ba za ta zame ba idan ruwan damina ya kwanta a hanya. Dabarar daga ƙafar tsaka ta samo ta. Tsaka ba ta da gam a ƙafa, ƙananan gashi gare ta, sirara ƙwarai, masu shiga kowane ɗan rami na bango. Bara'atu ta shuka irin wannan gashi a fuskar taya, miliyoyi, ta yadda idan wuta ta ratsa su sai su miƙe su damƙi kwalta, idan tayar ta juya kuma su saki. Ta sa wa abin suna Tafin Tsaka. Hukumar asibitoci ta yaba, ta ce a dawo baɗi. Alhaji Nafi'u kuwa ranar da ya ji labari daga bakin Ukasha, ranar ya ba ta ɗakin bincike da ma'aikata.

Gwajin gudu na farko da mutum-mutumi aka yi shi, wanda aka cika wa jiki da na'urorin auna jijjiga. Kwamfuta ta ja Kububuwa ta shiga Kwanar Dala, kwana mafi tsawo a Zoben, da gudun da ba a taɓa shiga da shi ba. Motar ta bi kwanar kamar an zana ta a kai. Ma'aikata suka yi ta kabbara. Bara'atu ita kaɗai ta tsura wa allonta ido, domin a jikinsa wuyan mutum-mutumin da kansa sun koma ja wur.

Da yamma ta zaunar da Alhaji da Ukasha a ofis.

"Ranka ya daɗe, tayar ta riƙe fiye da yadda jikin mutum zai ɗauka. Idan mota ta sha kwana da wannan gudu, jini yana barin kai ya gangara gefe. A da, kafin a kai nan taya ta zame, direba ya ji a ƙugunsa ya sassauta. Yanzu ba za ta zame ba. Ba abin da zai gaya masa ya isa."

Alhaji ya juya zoben da ke yatsansa. "To me kike so a yi, Dakta?"

"Zan sa mata iyaka. Kashi biyu cikin uku na riƙonta kawai za ta bayar."

"Da kashi biyun za mu ci?"

"Za ku iya."

"Za mu iya," Alhaji ya maimaita, yana kallon Ukasha. Sai ya tashi ya fita.

Da iyakar suka shiga tsere biyu. Ukasha ya zo na uku, sannan na biyu. Duk wanda ya gan shi a kwanakin nan ya san ya dawo da rai, yana tafe yana waƙe-waƙe a gareji, yana tsokanar bakanikai. Amma Gasar Ƙarshen Damina ta matso, kuma Alhaji ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa idan ba a ɗauko kofin ba zai kawo wani saurayi daga Yamai ya ba shi motar.

Ana jibi gasar, Ukasha ya same ta a ɗakin bincike da hantsi, tana duba gashin wata taya a madubin ƙara girma. Ya ja kujera ya zauna a gabanta kamar yadda yake yi tun suna yara idan yana son wani abu.

"Yaya, ki cire iyakar nan."

"Ba zan cire ba."

"Na fi mutum-mutumin nan wuya. Shekara nawa ina ɗaga ƙarfe da kai? Ki tambayi likitanmu."

"Jini bai san ka ɗaga ƙarfe ba, Auta."

"To ki ji. Ni ban iya komai ba sai wannan. Ke kina da digiri, duk inda kika je za a ba ki kujera. Ni idan Alhaji ya karɓe motar nan, ina zan je in yi tuƙi? A garin nan ko amalanke ba a barin mutum ya tura." Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. "Zagaye na ƙarshe kawai. Ba zan taɓa ba sai na ga ba makawa."

Ta ce masa a'a har sau uku. Ya tashi zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ke kanki ba kya son ki gani? Shekara bakwai kina wannan abu, ba ki taɓa ganin ƙarshen ƙarfinsa da mutum a ciki ba."

Maganar ta zauna mata a ƙirji, domin gaskiya ce. Tana so ta gani. Tun ranar gwajin farko take so, har takan kama kanta tana lissafin cewa wataƙila na'urorin mutum-mutumin sun cika tsoro. Da azahar ta kira bakanike ya kafa ɗan maɓalli shuɗi a jikin sitiyari, wanda muddin an danne shi iyakar za ta ɗauke. Ta kwantar wa kanta da hankali da cewa akwai na'urar tsaro a hular kwanonsa, wadda idan ta ga direba ya suma za ta taka birki da kanta.

Ranar gasar an yi yayyafi da safe, kwalta ta yi sheƙi. Sauran motoci suna shiga kwana suna rawa, Kububuwa kuwa kamar a busasshiyar ƙasa take. Duk da haka wata farar mota ta 'yan Legas ta manne mata, a zagaye na ƙarshe ma ta wuce ta a miƙaƙƙiyar hanya. Bara'atu tana tsaye a rumfar gareji da abin sauraro a kunne, ta ji numfashin ƙanenta.

"Yaya, bismillah," in ji shi.

Fitilun ƙafafun motar suka koma shuɗi. Kububuwa ta shiga Kwanar Dala ba tare da ta rage gudu ba, ta bi ta gefen ciki na kwanar ta wuce farar motar kamar a tsaye take. Benayen kallo suka ɗauki ihu. Bara'atu ta ji wani daɗi ya taso mata tun daga tafin ƙafa, irin wanda ba ta taɓa ji ba, har ta buɗe baki za ta yi ihun ita ma. Sai ta lura numfashin da ke kunnenta ya canja.

"Ukasha? Ukasha, saki maɓallin!"

Bai amsa ba. Na'urar hular kwano ta ga idanunsa sun juye, ta yi aikin da aka sa ta, ta taka birki gaba ɗaya. An tsara na'urar ne a zamanin tayoyin da ke zamewa, waɗanda kan ja mota ta yi ta gurzawa kafin ta tsaya. Tafin Tsaka bai gurza ba. Ƙafafu huɗu suka damƙi kwalta lokaci guda, motar da ke gudu kamar harsashi ta tsaya cak a tazarar da ba ta fi tsawon gida biyu ba.

'Yan kallo suka miƙe suna tafi, sun zaci burga ce. Farar motar ta zo ta wuce. Ko ƙwarzane babu a jikin Kububuwa, fitilunta na ci, injunanta na gurnani a hankali. Sai da masu agaji suka buɗe ƙofa suka ga yadda kan direban ya kwanta a ƙirjinsa sannan aka daina tafin.

Ya rayu. Likitar da ta duba shi ta ce ƙashin wuya ya karye ya taɓa laka, hannuwa za su ɗan dawo, ƙafafu kuwa sai dai wani ikon Allah. Da ya farfaɗo ya ga Bara'atu a gefen gado, abin da ya fara tambaya shi ne, "Ta riƙe?"

"Ta riƙe," in ji ta, ta juya fuska ga bango.

Alhaji Nafi'u ya zo dubiya da kwandon lemo da tawagar mutane. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce kamfani zai ɗauki nauyin komai, kuma ya cika alkawari. A baranda ya ja Bara'atu gefe.

"Dakta, kar ki sa wa ranki damuwa. Injiniyoyi sun duba komai. Taya ba ta da laifi, birki ba shi da laifi. Abu ɗaya ne a motar nan bai kai ba."

Ta dube shi. "Ƙanena kake nufi?"

"Ba shi kaɗai ba. Kowa ma. Ba a yi mu don wannan gudun ba." Ya faɗa da tausasawa, kamar mai yi mata ta'aziyya. "Hukumar tsere ta gani da idonta. Kowane kamfani yana neman tayarki, kuma ba wanda zai yarda ya sake sa mutum a kanta."

"To a hana tayar mana."

"A hana? Bayan mutane sun ga yadda ake shan Kwanar Dala? Wa zai sake sayen tikiti ya kalli mota tana rarrafe?"

Ta je gaban hukumar da kanta ta roƙi a haramta Tafin Tsaka a Zoben Sama. Suka saurare ta cikin ladabi, suka tuna mata cewa haƙƙin ƙirƙirar na kamfanin Guguwa ne. Kafin wata damina aka kafa doka: don kare rayuka, kwamfuta ce za ta riƙa jan motocin tsere. Direbobi sama da ɗari suka ajiye hulunan kwano. Waɗansu a cikinsu idan suka haɗu da Bara'atu a hanya sukan gaishe ta, waɗansu su tsallaka titi. Motocin asibiti kuwa har lokacin suna kan tsofaffin tayoyinsu, domin farashin sabuwar ya fi ƙarfin hukumar asibitoci.

Ta bar aikin ta koma gidan Ukasha da zama, tana taya matarsa jinya. Ranar Asabar ɗin da aka buɗe sabuwar gasa, da la'asar, yana zaune a keken guragu mai lantarki a tsakar gida, ƙarar motocin tana saukowa daga saman ginshiƙai. An cire wa Kububuwa kujera da sitiyari, ta yi sauƙi, ta ƙara gudu. Da ihun jama'a ya tashi, ya karkata kunne.

"Ita ce ta ci ko?"

"Ita ce."

"Ta fi ni?"

Bara'atu ta so ta yi masa ƙarya, amma ya san sautin motar fiye da ita. "Ta fi ka," in ji ta.

Ya gyaɗa kai a hankali, iyakar yadda wuyan ya bari. Ya daɗe yana kallon sama. Can ya sa 'yan yatsunsa biyu masu motsi ya tura sandar keken zuwa ɗaki. A kan ɗan gangaren simintin da aka yi masa a bakin ƙofa, inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, ƙafafun keken suka yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ya gwada, ya sake gwadawa, sannan ya saki sandar.

"Yaya," in ji shi, ba tare da ya waiwayo ba, "tayar nan tana santsi. In kin samu lokaci ki duba mini ita."