Kyamarar Da Ta Ƙi Kallon Malam

Ranar da ta fara shigowa ajinsa, Malamin Kimiyya yana tsaye gaban sabon allon nan mai haske, wanda ake taɓawa da yatsa sai zuciyar mutum ta bayyana tana bugawa, ikon Allah. Ita ce mai horar da malamai da aka turo makarantar. Ta ɗora wata 'yar kyamara mai kama da ƙwai a kan kabad, ta zauna shiru. Shi kuwa ya gyara wuyan riga ya yi ta zuba darasi, yana satar kallonta.

Da aka tashi ta buɗe masa kwamfuta a ɗakin malamai. Ya zuba ido don ya ga kansa, amma ko ƙeyarsa ba ta fito ba. Yara kawai aka ɗauka.

"Malama, injin nan naki ya karkace."

"Lafiyarsa lau," ta ce tana murmushi. "Kai ai ka san abin da ka faɗa. Abin da suka ji ne ba ka sani ba. Me ka gani?"

Ya ga wata yarinya a bakin taga tana ɗaga hannu zuwa kafaɗa, tana sauke shi, domin kafin ta kai sama ya riga ya amsa tambayarsa da kansa. Ya ga 'yan baya sun saki baki suna kallon zuciyar da ke kan allo, maganarsa na wucewa ta saman kansu. Shekaru yana tsaye gaban yaran nan, ashe bai taɓa ganin su ba.

Ba ta ce ya yi kuskure ba. Tambayarsa ta yi me zai gwada. Suka yarda in ya yi tambaya ya dakata, in zai yi bayani ya kashe hoton. Sannu a hankali hannaye suka fara tashi a ajin kamar shuka bayan ruwa, wani abu kuma ya tsiro a ƙirjin Malam.

Ya tura mata saƙo: "Hasken ajina, yau yarinyar taga ta ɗaga hannu har sama. Ni ma na ɗaga nawa, ko za a kira ni?"

Amsa ta zo: "Daga gobe wata ce za ta riƙa zuwa ajinka."

Ya wuni kamar wanda aka zare wa laka, ko ruwa ya kasa sha. Da yamma wayar ta sake motsi: "Sarkin sauri, ƙa'idar aikinmu ce, ba a horar da wanda ake so. Yanzu ka gane?"

Sai dai da ya kai maganar aure gida, mahaifiyarsa, tsohuwar tela, ta ce atafau.

"Auta, matar da sana'arta gyara maka kuskure? Za ka zama ɗalibi a gidanka, ni ma ta fara koya mini yadda ake riƙe almakashi."

"Umma, ki dai gan ta."

Da Malamar ta zo gaisuwa, Umma ta zaunar da ita kusa da keken ɗinki, ta ɗauko riga ta haɗa hannun a juye da gangan. Malam yana bakin ƙofa yana kallo. In ta gyara wa Umma, magana ta lalace. In ta yi shiru, a ce munafuka ce.

Budurwar ta daɗe tana kallon yatsun tsohuwar.

"Umma, na ga yadda kike lanƙwasa bakin yadi ba tare da kin duba ba. Mai wannan hannun ba ta juya hannun riga a banza. Me kike so in gani?"

Keken ya tsaya. Umma ta leƙo ta saman tabarau, sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ja'ira, kin kama ni. Tashi tsaye in auna ki, ba wanda zai ɗinka rigar aurenki sai ni."

Aka ɗaura aure bayan jarrabawa, yaran ajin suka zo cikin layi suna leƙen amarya. Umma ta haɗa hannayen ango da amarya a cikin nata, ta ce, "Allah ya sanya albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai jin magana. Kai kuma Auta, a riƙe mini ita da kyau."