Na'urar da Na Ɗaure wa Kwalekwale

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni Cindo, da na gudu daga aji huɗu, na taɓa raina wa masana hankali.

A wani gari na bakin teku nake tuƙa wa Malama Tabawa jirgi. Aikinta bin sawun wel, kifin nan da ya fi gida girma. Takan manna masa na'ura, ta ga inda yake a kwamfuta, ta ce wa manyan jirage su kauce masa.

Wata rana ta ba ni na'urar in manna wa wata uwa mai ɗa. Na ɓoye, na ce na manna. Na ɗaure ta a kwalekwalena, na yi kudu. Malama ta ga alamar a kudu, sai ta tura jirage arewa, inda uwar take. Na yi dariya. Washegari ma na yi dariya.

Rana ta uku ruwa ya kawo gawar uwar, jirgi ya tsaga bayanta. Ɗan yana ta kewaya a teku.

Malama ta bi alamar har kwalekwalena. Ta miƙo mini shebur.

"Cindo, kai kaɗai za ka binne ta."

Kwana tara ina haƙa, ɗan yana kewayawa.