Ƙwarzanen Da Ya Ƙi Fita

Auta na shanya a tsakar gida ta ji Mama ta rafka salati a bakin gareji.

"Zo ki ga aikin telanki!"

Baƙar motar Baba ce, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Tela, saurayin Auta, ya zo gaisuwa ya tarar Baba ya fita da abokinsa. Da ya ga ƙura a jikin motar, neman suna ya sa ya zaro busasshen ƙyalle ya yi ta murza. Rana na haskawa sai ga zane zagaye-zagaye kamar saƙar gizo-gizo!

Dama Mama ba ta son wannan aure, ga shi yau da la'asar Baba zai faɗi matsayarsa.

"To, ga amsarku nan a jikin mota," in ji Mama.

Hawaye ya zubo wa Auta. Ta share, ta harari Tela. "Sannu gwanin shara! Tura ta inuwa."

Tun tana ƙarama take kallon Baba yana gyaran fentin motar. Suka wanke motar tas, suka tsane ta da tawul mai laushi. Ta ɗiga man goge fenti a soso, ta miƙa wa Tela. "Kaɗan-kaɗan, kar ka danne, ba guga kake yi ba!"

Gumi ya jiƙe Tela sharkaf, zanen kuwa ya yi ta ɓacewa. Saura dogon ƙwarzane guda a ƙofar baya. Auta ta ja farce a kai, farcen ya maƙale. Ta dubi Tela.

"Wannan ya yi zurfi, ba zai fita ba. Mu shafa baƙar maka ta rubutu, wallahi ba zai lura ba."

"A'a. Ba zan shigo gidanku da ƙarya ba."

Baba na dawowa Tela ya durƙusa. "Baba, na yi ɓarna garin karambani. Mun gyara, amma wannan ya gagara. Laifina ne."

Baba ya shafa wurin, fuska a murtuke. "Ƙyalle ne ya yi wannan?"

Sai Mama ta yi gyaran murya, kai a ƙasa.

"Ni ce... Shekaranjiya, da ƙarfen get. Tsoro ya hana ni faɗa. Yaron nan bai san hawa ba, bai san sauka ba."

Baba ya dube ta, ya dubi Tela, sai ya fashe da dariya. "Shekara talatin muna tare kina ɓoye min, ga baƙo yana ɗaukar laifin da ba nasa ba! Tashi, ɗana. Na ba ka Auta, amma ka sake taɓa motata da busasshen ƙyalle, na fasa!"

Auta ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Mama da kanta ta kawo wa Tela ruwan sanyi.

Ƙwarzanen nan har yau yana nan, Baba ya hana a gyara. 'Yan'uwa, haƙuri ne ya goge zanen, amma gaskiya ce ta ba Tela mata.