Maƙalar da Baba Bai Rubuta Ba

Ranar da ya fara shiga ofishin mujallar jami'a, ya tarar da ita ta duƙufa a kan tarin takardu, jan biro a hannu. Aikinta shi ne ta bi manazartar kowace maƙala ɗaya bayan ɗaya kafin a buga. Shi ya sa malamai suka laƙaba mata Jan Biro, kuma ba don ƙauna ba.

Shi kuwa ƙaramin malami ne a sashen nazarin ƙasar noma, takalminsa kullum da laka. Ya zo jin labarin maƙalarsa ta farko, wadda in ba a buga ta ba, babu tabbatar da shi a aiki. Tana ɗago ido, ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, zauna," ta ce. "Manazarta ta goma sha bakwai, ka karanta ta?"

"Na ɗan leƙa."

"Ka yi ƙoƙari, don mai ita ma bai taɓa ganinta ba. Babana ne. Na tambaye shi da safe, ya ce shi bai rubuta ba."

Gaskiyar magana, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ya ba maƙalar ta gyara masa Turanci, ya ce ta ƙara masa 'yan manazarta. Ita kuma, da ba ta san kunya ba, ta ƙago guda uku har da shekara da lambar shafi.

"Gyaran Turanci ba laifi ba ne, in ka rubuta a ƙasa cewa da ita ka yi," ta ce. "Amma wannan ƙarya ce."

Ta saba jin uzuri iri-iri. Wani ya ce ɗalibinsa ne, wani ya ce kwamfuta ce ta haukace. Shi sai ya sunkuyar da kai. "Sunana ne a kai, laifina ne. Ba ni ita in sake."

A nan zuciyarta ta motsa, duk da ta tsuke fuska.

Bayan sati biyu saƙo ya shigo: "Jan Birona, yau na nemo littafin da zan saka a manazarta a laburare da hannuna. Na yi atishawa tara, kowace na tuna ki."

Ta mayar: "Mai Laka, atishawa ba hujja ba ce. Turo lambar shafi."

Akwai kuma wani babban malami da ke nemanta, ana ce masa Dakta Turare, don ƙamshinsa yakan riga shi shiga ofis da minti biyu. Wata rana ya turo mata: "Ga saƙon soyayya mai ratsa zuciya kamar yadda ka nema. Ya ke (saka sunanta a nan), ke ce hasken rayuwata. Kana so in ƙara tsawonsa?"

Ta yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya cak. Ta kira Mai Laka.

"Wancan saƙon da ka ce muryata ta fi ruwan farko daɗi, kai ka rubuta?"

Abin ya yi masa ciwo sosai. Kwana uku bai kira ba, ita kuma ta kasa cin abincin kirki. A rana ta huɗu ya zo ya ajiye mata littafin da yake rubuta sakamakon gwajin ƙasa. A shafin baya ga saƙon nan, an rubuta an soke har sau bakwai.

"Yi haƙuri, Mai Lakana," ta ce a hankali.

Saura Baba. Da tsohon farfesan ya ji wanda ke neman 'yarsa, sai ya ajiye tabarau. "Yaron da ya ƙaga mini maƙala ina raye? Ba a gidan nan ba. Ga Dakta, sau goma sha huɗu ya ambace ni a littafinsa."

"Ai yaron ƙara maka ya yi, Farfesa, ba rage maka ba," in ji Mama.

Da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda ya ga yaron. Mai Laka ya zauna a bakin kujera, ya miƙa sabuwar maƙalar. Baba ya wuce kai tsaye shafin manazarta, ya bi da yatsa, ya sake bi.

"Ina sunana?"

Jan Biro, da ke maƙale a bayan ƙofa, ta dafe ƙirji.

Mai Laka ya ce, "Baba, na karanta maƙalunka talatin da biyu duka. Kai a kan ƙasar fadama ka yi aiki, ni a kan ta tudu. Na nemi inda zan saka ka da gaskiya, ban samu ba."

Baba ya ɗago kai.

"Duka ka karanta? To, wacce ta fi?"

"Ta tara. Ta ashirin da ɗaya kuwa, ka yi haƙuri, akwai jadawalin da lambobinsa ba su haɗu ba."

Baba ya ajiye takardun. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa. "Shekara ashirin ana yabon maƙalar nan, babu wanda ya karanta ta har shafi na shida." Ya juya wajen ƙofa. "Ke, fito, na ga ƙafarki."

An buga maƙalar Mai Laka da layinta a ƙasa, mai faɗin abin da manhaja ta yi da abin da ba ta yi ba. Wata biyu bayan haka aka ɗaura aure.

Da ango ya zo yin sallama, Baba ya riƙe hannunsa gam. "Gobe ka biyo da wuri, mu gyara jadawalin nan mu aika wa waɗanda suka buga maƙalar."

"Farfesa, goben aurensu?" in ji Mama.

"To, jibi." Ya haɗa hannun 'yarsa da na angon, idonsa ya ciko. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya. Ku je."