Biko a Zauren Kawu Safiyanu

Fa'iza na tsakar gida tana ɗaure kayanta, surukarta Umma na zaune a tabarma ta zuba mata ido. Gobe za ta tafi Tanut koyon yi wa dabbobi allurar rigakafi, abin da take buri tun tana yarinya tana bin awakin babanta.

"To in kin tafi wannan formasiyo ɗin naki, wa zai riƙe min shi?" in ji Umma.

Shi ɗin Habibu ne, mijin Fa'iza, mai gyaran moto a bakin kasuwar Gangara. Ga hannu a aiki, ga ban dariya. In yana cikin hankalinsa har tuwo yake taya ta kwashewa, yana cika bakin duk Damargu ba mai malmala irin tata. Sai dai tun da ya dawo daga cirani ya dawo da shan giya. Duk ranar kasuwa sai ya shigo yana tangaɗi, Fa'iza ta ja shi ɗaki, ta ba shi kanumfari ya tauna, in maƙwabta sun tambaya ta ce ciwon kai ne. Da safe sai kuka da rantsuwa, wai daga yau an gama — har kasuwa ta zagayo.

Tana son mijinta, wannan ko maƙiyi ya shaida. Amma ta gaji da ƙarya, kuma ta lura rufin asirin nan ƙara masa ƙarfin gwiwa yake.

"Umma, na riƙe shi har hannuna ya gaji," ta ce a hankali. "Ki sa min albarka kawai."

A Tanut ta sauka gidan kawunta Safiyanu. Karatu ya karɓe ta, ta iya kayar da rago ita kaɗai, har ta yi ƙiba. Da aka gama kuwa ta ƙi komawa, ta aika cewa sai an zo biko. Gangara ta ɗauka, kowa da abin da yake faɗa. Matar kawu ta ba ta shawara ta kashe auren ta huta, Fa'iza ta ce ba abin da ya kawo ta ke nan ba.

Habibu ya zo da baffansa da ƙullin goro, duk ya rame. Yadda aka saba, matar ake tambaya abin da ya fito da ita, ta zayyana, dangin miji su ba da haƙuri, a tashi. Kawu ya tambaye ta.

"Kawu, ni ba zan faɗa ba. Na daɗe ina magana a madadinsa. Yau shi ya faɗa da bakinsa."

Baffa ya fara kame-kame, wai a bar abin da ya wuce. Kawu ya ce ba mai taɓa goron nan sai yaro ya yi magana. Fa'iza ta sunkuyar da kai, don ta san in Habibu ya tashi ya fita, auren ya tafi ke nan.

"Giya nake sha, Kawu," Habibu ya ce, hawaye na zuba. "Ba ta taɓa yi min laifi ba. Na kasa bari ni kaɗai, ku taimake ni."

A ranar baffa ya raka shi wurin likita, ya kuma ɗauki alkawarin duk ranar kasuwa a rumfar Habibu zai wuni. Fa'iza ta koma ɗakinta. Abin bai tafi sumul ba, Habibu ya sake zamewa, amma da ƙafarsa ya je ya gaya wa baffa, Fa'iza kuma ba ta yi wa kowa ƙarya ba.

Yanzu shi ke kai ta rugage a moto, yana riƙe mata akuya yana kiranta "madam dokta", Umma kuwa ko kaza ce ta yi tari sai ta ce a kira 'yarta. Fa'iza ta samu mijinta, ta samu sana'arta. Haƙuri da wanda kake so ba shi ne ka ɓoye ciwonsa ko ka binne burinka dominsa ba. Haƙuri shi ne ka tsaya kusa da shi har ya iya faɗin gaskiya da kansa.