Wayar da Ta Ƙone a Gonakin Maska

Da hantsi Alhaji Ummaru, shugaban manoman rani na Maska, ya faɗo ofishin 'yan sanda yana haki.

"Yallaɓai, wayar famfonmu na sola ta kama da wuta. Tumatir na bushewa! Injiniyar nan ce ta cuce mu da aikin banza."

Insfekta Abdulmutallib ya ɗauki hularsa. A gona ya tarar da Injiniya Yewande, haifaffiyar Funtua, wadda ta haɗa musu famfon, mutane sun yi mata zobe, idonta ya yi ja. Ya kore su, ya duba wayar. Ta narke ne daga akwatin sola zuwa gindin wata tsamiya. Daga nan zuwa famfo lafiyarta ƙalau.

"Me ya sa ta tsaya a nan?"

"Ba ni dama in gwada, Yallaɓai."

Ta buɗe kwamfutarta a bayan motar 'yan sanda.

"Wannan manhajar tana kwaikwayon wayar, amma sai na gaya mata abin da ke kowane baki nata. A bakin sola na sa ƙarfin da wuta ke shigowa da shi. A bakin famfo na sa yawan wutar da yake ja." Ta danna. Zanen wayar ya tsaya shuɗi. "Ka gani, ba zafi."

"To, ki sa mata wani baki a tsamiya, shi ma yana ja."

Ta dube shi, ta sa. Nan take zanen ya yi jawur, ya tsaya cak a inda wayar gaske ta daina ƙonewa.

Insfekta ya bi bayan tsamiyar da ido. Rumfa ɗaya ce kusa, ta Malam Shitu mai injin niƙa.

"Malam Shitu, da me kake niƙa?"

"Janareta, ranka ya daɗe. Ko jiya shi na tayar."

Insfekta ya buɗe tankin, ya shinshina. Ba ko warin man dizal, sai zanzaro da ya yi gini a bakin salansa. Ya ture buhun dusa da ƙafa, sai ga siririyar waya ta fito daga ƙasa ta ɓangaren tsamiyar, ta shiga injin niƙan.

Shitu ya durƙusa. "Ni na jona. Na ɗauka rana ce, ba ta ƙarewa. Wallahi da na ga sun rufe injiniyar da zagi, kasa fitowa na yi."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

Alhaji Ummaru ya cire hula a gaban Yewande. "'Yata, ki yafe mana."

"Ba komai, Baba. A nemo waya, in haɗa muku kafin tumatir ya mutu." Ta juya ga Insfekta. "Yallaɓai, ka wanke min suna. Allah Ya saka."

"Amin. Ni ma na gode, da ba ki koya min ba, da yanzu da ke zan tafi."