Gawa a Ƙarƙashin Sabon Kwano

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na safe aka bugo waya ofis cewa wani kafinta ya mutu a saman wani gida. Kafin sha biyu Insifekta ya isa, Saje na biye da shi.

Gida ne mai ɗaki huɗu a ƙarshen layi. An buga sabon kwano a rabin rufin, tsohon yana jibge a tsakar gida duk tsatsa. A ɗaya rabin kuwa wani abu ne shimfiɗe a kan katako, yana ƙyalli sai mutum ya kare ido. A kansa gawar take, rub da ciki.

Abokin aikin mamacin, wani magidanci da ake kira Dogo, yana tsugune a gindin tsani.

"Mene ne wancan mai ƙyalli?" in ji Insifekta.

"Foyil ne, yallaɓai. Ana shimfiɗa shi kafin a ɗora kwano, a bar 'yar tazara tsakani. Shi ke mayar da zafin rana, ya hana shi saukowa ɗaki. Amma akwai ƙarfe a jikinsa. In wuta ta taɓa gefe ɗaya, duk shimfiɗar ta ɗauka."

"Kun san haka, kuka hau da wuta a gidan?"

"Wallahi da hannunsa ya cire fis ɗin wutar gidan, ya ɗora a kan mita. Shekara ashirin muna aiki tare, bai taɓa mantawa ba."

Saje ya je ya duba, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Fis yana nan a kan mita, yallaɓai, a cire. Sai dai in aljani ne ya ba shi wutar."

Insifekta bai yi dariya ba. Ya hau tsanin. Tafin hannun mamacin na dama ya ƙone baƙi ƙirin. Ya ɗaga gefen foyil ɗin a hankali, sai ga wayar wuta an naɗe ta a jikinsa. Ba ƙusa ce ta huda ta ba, ba ɓera ne ya ci ta ba. Fere ta aka yi da wuƙa, sumul, tsawon ɗan yatsa.

Ya haska cikin silin. Ƙurar shekaru ta lulluɓe ko'ina, ban da wuri guda a kusurwa, mai kusurwa huɗu, fes kamar an share.

A falo ya tarar da 'yar gidan, ma'aikaciyar jinya, idanunta sun kumbura.

"Kawuna ne," in ji ta. "Yayan mahaifiyata. Ni na kira shi. Zafin gidan nan ya ishe mu, rufin kuma yana yoyo. Na sha yi wa Baba magana ya ce a bari. Da ya yi tafiyar mako guda sai na ce bari in yi masa ba-zata. Shekaranjiya ya dawo ya tarar an yaye rabi."

"Ya ji daɗi?"

"Bai ce komai ba. Amma ya ƙi cin abinci."

"Ina mahaifiyarki?"

"Ta tafi shekara tara da suka wuce. Ina makarantar kwana a lokacin. Baba ya ce ta ɗauki akwatinta ta fita, ba ta ce ga inda za ta ba."

"Yau da safe an kawo wuta a ɗakin nan?"

"A'a… af, tsaya. Wajen ƙarfe goma fanka ta juya, kamar sau biyar, ta tsaya. Na ɗauka iska ce. Sai na ji ihun Dogo."

Mai gidan, wanda unguwa ke kira Malam, tsohon malamin kimiyya ne. Yana zaune a ɗakinsa da jarida a cinya, ko gezau.

"Allah ya jiƙan surukina," in ji shi. "Ganganci ne na masu aikin hannu. Ba sa jin magana."

"Ina kake da ƙarfe goma?"

"Nan. Ban motsa ba."

"Ka hau silin tun da ka dawo?"

Malam ya dafa gwiwa. "Da wannan ƙafar? Matakala biyu ma sai na huta."

Insifekta ya ɗaga kai. Daidai saman teburin karatu akwai 'yar ƙofar shiga silin. A farin fentinta shatin yatsu huɗu ne, baƙi. Ya dubi teburin. An ture littattafai gefe guda. Ya fita.

Ya ja Dogo bayan gida.

"Akwai abin da ka ɓoye mini. Me ya faru jiya?"

"Ba na son shiga maganar dangi, yallaɓai."

"Ka riga ka shiga. Ko nan, ko ofis."

"Jiya da la'asar muna ja da foyil ta wajen kusurwar can, sai ya leƙa silin. Ya daɗe bai ɗago ba. Can sai ya sauko. Ya kira Malam nan inda muke tsaye. Abu ɗaya na ji. Ya ce, gobe zan sauko da shi a gaban 'yarka, ka yi mata bayani da bakinka."

"Sauko da me?"

"Bai faɗa mini ba. Yau da muka hau, kusurwar ya nufa kai tsaye."

Insifekta ya kira Saje ya raɗa masa magana. Saje ya karɓi makullin motar Malam a hannun 'yar, ya buɗe but, wurin kaya na bayan motar. A ƙarƙashin tsohuwar tabarmar mota akwai akwati shuɗi, ƙura ta daskare a murfinsa.

Aka ajiye shi a tsakiyar falo, aka kira Malam. Insifekta ya ɓalle marfin. Tufafin mata ne a ninke, da takalmi, da katin shaida, da wani tabarau da gilashinsa ɗaya ya fashe.

'Yar ta durƙusa. Ta ɗauki tabarau ɗin da hannu biyu.

"Mama ba ta iya taka ƙofa ba tare da wannan ba," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Malam," in ji Insifekta, "da sassafe ka taka tebur ka shiga silin. Ka fere waya ka naɗe a foyil, ka sauko da akwatin nan. Ka jira sai da ka ji takunsa a kusurwa, ka mayar da fis, ka ƙirga, ka sake cirewa. Shatin yatsunka na kan ƙofar silin, za mu same su a kan fis ma."

Malam ya zauna a hannun kujera.

"Na ce a bar rufin nan," in ji shi. "Sau nawa na faɗa? Shekara tara ina shan zafinsa, ban yi ƙorafi ba."

"Kai ka kashe shi?"

"Ni ne. Ita kuwa ban yi niyya ba. Gardama muka yi, na ture ta, kanta ya bugu da gefen murhu."

Saje ya sa masa ankwa. Sun kai bakin ƙofa 'yar ta miƙe.

"Baba."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"Tana ina?"

"Ɗakin da na gina miki a baya," ya ce. "Ƙarƙashin siminti."

A ɗakin take kwana tun da ta gama makaranta. Dogo ne ya tare ta kafin ta kai ƙasa.

Aka sa Malam a bayan mota. Insifekta ya ɗaga waya, ya ce a turo likita da mutum huɗu masu diga.